Yaron da Ba Ya Kuka Idan Abu Ya Faɗa Masa a Ido: Haƙuri Ne Ko Lalura?

A gidajenmu yaron da ba ya yawan kuka shi ne ɗan lele. Ranar suna wanzami ya yi masa aski bai ce uffan ba, sai 'yan barka su ce, "Kai, wannan jarumi ne." A kai shi allurar rigakafi, sauran jarirai na tsala ihu shi ko gezau, uwa ta dawo gida tana alfahari. A yi masa wanka kumfar sabulu ta shiga masa ido bai runtse ba, sai kaka ta ce haƙurin mai sunansa ya gado.

Mafi yawan lokuta haka ɗin ne, hali ne kawai, yaro lafiyarsa ƙalau. Amma akwai 'yan tsirarun yara da shirunsu ba na haƙuri ba ne, zafin ne ba ya kai musu. A jikin irin wannan yaro, ido na cikin gaɓoɓin da ke lalacewa a ɓoye, domin mun saba sai yaro ya yi kuka ko ya kama murza ido sannan mu duba.

Mai gadin ido

Ki ɗauki madubi ki dubi idonki daga gefe. A kan baƙin idon akwai wani tantani garai-garai mai ɗan tudu, kamar gilashin agogon hannu. Likitoci na kiransa koniya. Kaurinsa kusan rabin milimita ne, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, kuma ta nan haske yake shiga ido. Idan ya dushe gani ya dushe, ko da cikin idon lafiya lau yake.

Duk jikin ɗan Adam babu inda jijiyoyin jin zafi suka taru kamar wannan tantani. Yawansu a nan ya ninka na fatar jiki sau ɗaruruwa. Shi ya sa gashin ido guda ɗaya zai hana ki sakat, alhali da a bayan hannu ya sauka ba za ki ma san da shi ba. Dukkansu rassa ne na jijiya ta 5 daga cikin jijiyoyi 12 masu fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangaren kai, kuma aiki 3 suke yi.

Na farko, su ke sa ƙifta ido. Abu na taɓa tantanin, fatar ido za ta rufe kafin ki yi tunani. Na biyu, su ke kiran hawaye su zo su wanke abin da ya shiga. Na ukun shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba: jijiyoyin suna fitar da wasu sinadarai da ke ciyar da saman tantanin, su sa ya riƙa sabunta kansa. Saboda haka ne ƙaramin ƙwarzane a lafiyayyen ido yakan warke cikin kwana 1 zuwa 3.

Idan jijiyoyin ba sa aiki

Idan babu jin nan, duk ayyukan uku sun tsaya lokaci guda. Ƙura ta shiga ta zauna. Yaro ya kai farce ya karce idon bai ji komai ba, gobe ma ya sake. Ido ya bushe saboda ƙarancin ƙiftawa, ƙwarzanen kuma ya ƙi warkewa.

Abin yakan bi matakai. Da farko saman tantanin ya rasa sheƙinsa. Daga nan wani wuri ya saɓule ya zama gyambo. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayoyin cuta su shiga gyambon, ya yi zurfi, wani lokaci har tantanin ya huje. Idan an yi sa'a ya warke, yakan bar farin tabon nan da muke kira hakiya.

Hakiya a idon ƙaramin yaro ta fi ta babba illa. Ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne daga haihuwa zuwa wajen shekara 7 ko 8. Idon da tabo ya tare wa haske a waɗannan shekarun, ko an gyara shi daga baya, ganinsa ba ya cika dawowa daidai.

Cututtukan gado masu kawo wannan

Akwai rukunin cututtukan gado da ke hana jijiyoyin jin zafi ginuwa tun yaro na ciki. Ba su da yawa a duniya, kuma ba ido kaɗai suke taɓawa ba. Suna shafar fata, baki, ƙashi, zufa, wani lokaci har da haɗiya da hawan jini.

Wadda ya fi kamata uwa a ƙasa mai zafi irin tamu ta sani ita ce ta rashin jin zafi haɗe da rashin zufa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CIPA. A 1996 wani likita ɗan Japan, Yasuhiro Indo, da abokan aikinsa suka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta. Yaron da ke da ita jikinsa yakan yi zafi rau ba tare da wata cuta ba, domin ba ya zufar da za ta sanyaya shi. Idan haƙora suka fara fitowa sai ya riƙa tauna harshensa da leɓensa da yatsunsa har jini. Ya ƙone bai sani ba, ya karye ya ci gaba da tafiya a kan karayar. Da yawansu kuma suna da jinkirin koyo.

An fi samun ta a Japan da kuma cikin Larabawa makiyaya na hamadar Negeb a kudancin Isra'ila, mutanen da suka yi kama da mu ta fuska uku: zafin rana, ƙura, da auren zumunci. A 1999 likitocin ido na can suka wallafa sakamakon duba yara 15 masu wannan lalura. Babu ko ɗaya da tantanin idonsa ke jin taɓi, kuma 10 daga cikinsu sun riga sun yi hakiya.

A 2005 an fitar da wani fim na labarin gaskiya a Amurka a kan yara 3 da ba sa jin zafi. Ɗaya daga cikinsu, 'yar jihar Minesota, ta riƙa karce idanunta tun tana jaririya, har ta kai likitoci suka cire ido ɗaya tana ƙarama. Ta girma sanye da tabarau na kariya domin a tsirar da ɗayan. Wannan a ƙasar da ke da manyan asibitoci ke nan, kuma iyayenta na tsaye a kanta.

Akwai wata da likitocin yara biyu, Conrad Riley da Richard Day, suka bayyana a birnin Niyok a 1949. Masu ita suna kuka babu hawaye, haɗiya na ba su wahala, suna yawan amai, jininsu na hawa yana sauka. Kusan dukkansu Yahudawa ne 'yan asalin gabashin Turai, don haka da wuya a gamu da ita a nan. Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta Allgrove, da aka bayyana a 1978, kuma an sha samun ta a iyalai na arewacin Afirka irin su Tunisiya da Aljeriya. Alamominta uku ne: rashin hawaye, abinci na tsayawa a maƙogwaro, da kasala mai tsanani tare da duhun fata saboda raunin wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda. A nan bushewa ce ke cin tantanin idon, amma ƙarshen abin ɗaya ne.

Yadda ake gadonsu

Duk wadda ta san sikila ta riga ta san lissafin. Uba na ɗauke da ƙwayar halitta guda mai matsala, uwa ma haka, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau, kamar dai AS da AS. A kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaro ya ɗauko ta ɓangarorin biyu. Kowane ciki da nasa lissafin: ana iya haifar 5 lafiyayyu, ana kuma iya samun 2 a jere masu lalurar.

A nan auren zumunci yake shigowa. Ɗan wa da 'yar ƙani kakansu ɗaya, saboda haka idan kakan na ɗauke da wata ƙwayar halitta da ba kasafai ake samu ba, ya fi sauƙi su haɗu a kanta fiye da bare da bare. Auren zumunci ya riƙe gidaje da yawa a Argungu da Gwandu da Birnin Kebbi, kuma mafi yawan 'ya'yan da aka haifa a cikinsa lafiyayyu ne. Abin da ake buƙata shi ne a san tarihin gida. Idan a dangi an taɓa samun yaron da ba ya jin zafi, ko wanda ya rasu yana ƙarami da zafin jikin da aka kasa gane kansa, ko wanda idonsa ya yi fari ba tare da ya taɓa kokawa da ciwo ba, a faɗa wa likita kafin a sake ƙulla wani auren a cikin gida.

Gwajin jinin da ake yi kafin aure na sikila ne da wasu cututtuka masu yaɗuwa, ba ya nuna waɗannan. Sannan kada a ɗora wa uwa laifi. Rabi daga uba ne, rabi daga uwa. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma wani abu ta ci da ciki ba.

Me ya sa abin ya fi haɗari a kwarin Rima

Ki dubi shekararmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iska busasshiya ga ƙura. Lokacin ne kuma ake girbin shinkafar damina a fadamun Argungu da Augie da Birnin Kebbi, ana casa ana shiƙa, sau da yawa da goyo a baya. Ɓuntun shinkafa yana da kaifi. Idan ya faɗa idon lafiyayyen yaro zai tsala ihu, uwa ta sauke shi ta wanke masa. Yaron da idonsa ba ya ji zai kwana da shi ya tashi da shi. Raunin da tsiro ya yi wa ido kuma yakan shigo da cuta irin ta fumfuna, mai wuyar magani. Ki ƙara da hayaƙin murhu da yashin bakin gulbi inda yara ke wasa.

Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi na haura digiri 40. Yaron da ba ya zufa jikinsa zai yi zafi sosai, har ya kai ga jijjiga. A yankin da sauro ya yi yawa, kowa zazzaɓin cizon sauro zai fara kawowa a ransa, kuma daidai ne a fara gwada shi. Amma idan an yi gwaji sau da yawa ba a ga komai ba, zafin na tashi da rana ya sauka idan an jiƙa yaron da ruwa, fatarsa kuma a bushe ƙamas lokacin da kowa ke sharce zufa, to ki faɗa wa likita wannan da bakinki. Ke kika kwana da yaron. Wanda ya gan shi na minti 5 ba zai iya lura da abin da kika lura da shi ba.

Alamomin da za ki lura da su

- Ba ya kuka ko janye jiki lokacin allura, huda kunne, kaciya ko ƙuna.
- Sabulu, ƙura ko hayaƙi sun shiga idonsa, bai runtse ba, bai murza ba.
- Yana cusa yatsa a ido ko karce shi hankali kwance.
- Ido ya yi ja, ko baƙin idon ya dushe, ko farin ɗigo ya bayyana, amma yaro na wasansa.
- Raunuka a harshe, leɓe da kan yatsu tun fitowar haƙora.
- Ba ya zufa ko a tsakiyar bazara.
- Ya wuce wata 6 zuwa 7 ba ki taɓa ganin hawayensa ba.

Kada hankalinki ya tashi a kan alama guda. Sabon jariri yakan yi kuka babu hawaye a makonnin farko, sai wajen wata 1 zuwa 3 suke bayyana. Jarirai kuma ba sa ƙifta ido da yawa kamar manya. Haɗuwar alamomi 2 ko 3 ce ke sa a nemi likita. Farin ɗigo a baƙin ido kuwa, shi kaɗai ya isa a tafi asibiti a ranar.

Ba duka ne gado ba

Abubuwan da suka fi yawan kashe jin tantanin ido a wurinmu ba na gado ba ne, kuma suna kama manya da yara. Kuturta na ciki: tana lalata jijiyar jin ido da wadda ke rufe fatar ido. Mutane da yawa na ɗauka gadonta ake yi, alhali ƙwayar cuta ce, tana warkewa da maganin wata 6 ko 12, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Ciwon suga da ya daɗe yana rage jin ido kamar yadda yake rage jin ƙafa. Ƙwayar cutar da ke fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, idan ta kama ido, ita ma takan bar shi ba ya ji sosai. Don haka tsohuwa mai ciwon suga da idonta ya yi ja ta ce ba ya mata zafi, a kai ta a duba.

Baƙon dauro da ƙarancin sinadarin bitamin A su ma suna jawo gyambon ido da hakiya ta wata hanyar. Allurar wata 9, da ɗigon bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 a makon lafiyar mata da yara, suna toshe wannan ƙofar.

Abin da za a yi a asibiti

Ki fara da asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Argungu ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ki nemi a haɗa ki da masu duba ido. Asibitin Tarayya na Birnin Kebbi, wanda aka fi sani da FMC, yana da sashen ido. Idan abin ya fi ƙarfin nan akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Likita zai murɗa zaren auduga mai tsabta ya taɓa gefen tantanin ya ga ko yaro zai ƙifta. Sai ya ɗiga wani rini mai ruwan lemo, wanda ke nuna ƙwarzane ya yi kore shar a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Kada ki gwada na audugar a gida, za ki iya yin raunin da ake gudu.

Babu maganin da ke canza abin da aka gada, amma ana iya tsirar da ido. Tushen kulawar shi ne ɗigon hawayen roba sau da yawa a yini, man shafawa na ido da dare, da tabarau mai rufe gefe. Idan gyambo ya fito akan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan ya ƙi warkewa, likita na iya ɗinke gefen fatar ido ta sama da ta ƙasa domin idon ya rage buɗewa. A wurin aikinmu na jinya wannan ne iyaye suka fi tsorata da shi, wasu har su ɗauke yaro su tafi. Ɗinkin ba ya taɓa ƙwayar ido, yaro na gani ta sauran wurin, ana iya warware shi daga baya, kuma yana cikin hanyoyin da suka fi aiki.

Dashen sabon tantani, wanda ke taimakon wasu masu hakiya, ba ya cika kamawa a idon da ba ya ji, domin sabon ma zai rasa mai ciyar da shi. A ƙasashen waje an samu ci gaba: akwai ɗigon ido mai suna Oxervate da aka amince da shi a Turai a 2017 da Amurka a 2018, akwai kuma tiyatar da ake ɗauko jijiya daga ƙafa a jona ta da ta goshi a kai ta ido. Dukkansu na da tsada matuƙa, kuma ba kowane yaro suke wa amfani ba. Abin da ke hannunmu shi ne kada a bari tabon ya fara.

Aikin uwa a gida

Idan likita ya tabbatar, ke ce za ki zame wa yaron jijiyar da ba shi da ita. Ki duba idanunsa safe da yamma a wuri mai haske, ko da fitilar waya daga gefe: akwai ja? Akwai kwantsa? Baƙin idon na sheƙi? Ki duba bakinsa, tafin hannu da tafin ƙafa a lokaci guda. Ki yanke masa farce duk bayan 'yan kwanaki. Ranar casa da shiƙa a bar shi a ɗaki wurin wani. Ranar da hazo ya sauko a sa masa tabarau a ƙara yawan ɗigo. A nisanta shi da murhu da tafasasshen ruwa. Da bazara a zaunar da shi a inuwa, a riƙa jiƙa masa riga, a ba shi ruwa akai-akai. Ki sanar da kakanninsa, kishiyoyi, yayyensa da malaminsa na boko da na allo, domin kada a ɗauki rashin kukansa a matsayin taurin kai a ƙara masa bulala.

Kada a ɗiga masa ruwan nono, ruwan suga, ruwan albasa ko na ganye. A daina sa masa kwalli: tsinken na iya karce tantanin, kwallin dutse kuma yakan ƙunshi dalma. Kada a sayi ɗigon ido a kemis ba tare da takardar likita ba. Idan kin ga an rubuta dexamethasone, betamethasone ko prednisolone a jikin kwalbar, ki sani irin wannan yana kawar da jan ido nan take, amma idan akwai gyambo yana iya sa shi ya zurfafa har idon ya huje.

Yaran da aka gane lalurarsu da wuri, aka kuma tsare su haka, da yawa suna girma da ganinsu. Idan kin san wata uwa a unguwa ko a dangi da ake yaba wa ɗanta da cewa ko wuta ya taɓa ba ya kuka, ki tura mata wannan ko ki karanta mata. Masu tambaya su ajiye a ƙasa, za mu amsa gwargwadon iko. Amma wadda ta ga fari a baƙin idon ɗanta yau, kada ta tsaya jiran amsarmu, ta ɗauki mayafi ta nufi asibiti.